Annobar Ranar Talata

Da aka naɗa ni shugaban sashen kwamfuta na asibitinmu a Mafara, har tafiyata sai da ta sauya. Na tattara bayanan majinyata, na gano zazzaɓi yana tashi duk ranar Talata. Na tsaya gaban manya, na rantse ruwan madatsar Bakolori ne ke kawo shi, na nemi a toshe hanyar ruwan manoma.

Babban likita ya cire tabarau ya ce, "Malam, kai ɗan ina na? Talata ran kasuwa ta. Mai ciwon ƙauye motar kasuwa yaka jira."

Aka mayar da ni ɗakin kati. Har yau, in jana'iza ta faɗo Talata, sai wani ya raɗa mini, "Injiniya, bincikenka ya tabbata."