Injin Iskar da Ba Ya Ƙara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na shiga Bader Goula a kan amalanken shanu, cikin babbar riga, ƙunshin likkafani a cinyata.

Bayan na ajiye alli a lakwal, wato makarantar boko, ta Dakoro, na sayi tsohuwar kat-kat, motar da ke shiga rairayi. Duk mai bin hanyoyinmu ya san ka'ida: a rairayi ana rage wa taya iska, in an hau tsakuwa a mayar. Saboda haka muka tafi Maradi da aminina Alhaji Idi, mutumin Bader Goula, domin zaɓen injin iskar da ake girkawa cikin mota.

Iri biyu aka nuna mana. Ɗaya ƙato ne mai tanki, yana ruri kamar injin niƙa. Ɗayan ƙarami ne, mai sheƙi, da ƙyar ake jin numfashinsa.

Idi ya ce, “Ɗauki mai rurin nan, abokina. Taya huɗu gare ka, ba ƙwallon yara ba.”

Na ce mutum mai kamala ba ya yawo da hayaniya. (Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana hana yara surutu a aji, shiru yake ɗauka nagarta.)

Ya yi dariya ya ce, “Kai ko jaki za ka saya, bebe za ka nema.”

Tun a aikin hajji muka sayi likkafaninmu tare, muka wanke da zamzam. Nasa ya bar mini ajiya, domin gara ta addabi ɗakinsa.

Da safiyar da aka kira ni aka ce Idi ya cika, na ce su dakata, ina tafe da amanarsa. Rairayi ya tare ni, na rage iska, na wuce lafiya. Da na hau tsakuwa na kunna ɗan injina. Taya ɗaya ta cika, a ta biyu injin ya yi zafi, ya yi ƙauri, ya mutu cikin ladabi kamar yadda ya rayu. Na lallaɓa a haka, har dutse ya yaga tayar gaba. Wasu makiyaya masu amalanke suka tausaya mini.

Na tarar da jama'a suna dawowa daga maƙabarta. Na sauko, rigata duk kashin shanu, na tsaya riƙe da ƙunshin, kowa ya sunkuyar da kai.

Yayansa, tsoho mai sanda, ya kama hannuna ya ce, “Alhaji, mun jira har zafi ya hana. Da yadin kasuwa muka suturta shi.” Na miƙa masa ƙunshin, ya mayar mini. “Riƙe abinka. Ai tsawonku ɗaya.”

Yanzu likkafani biyu ne a akwatina, mai rurin kuma yana cikin mota. Duk sanda na kunna shi maƙwabta sai sun leƙo, ni kuwa ba na gaggawar kashe shi. Na dai koyi, a makare, cewa mai hayaniya ma a saurare shi, musamman in aminin mutum ne.