Rasuwar Bulbul a Kan Tambar Mutane

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hancin da har yau bai daina jin ƙauri ba, iyalan Nawaz Baig na birnin Mysuru suna sanar da 'yan uwa, abokan arziki da 'yan Ƙungiyar Masu Tsofaffin Motocin Tsere rasuwar motarsu, Bulbul, wadda ta riga mu gidan gaskiya ranar Lahadin da ta wuce a kan hanyar Hunsur.

Marigayiya ja ce, mai kujera biyu da rufin tamfol, cikinta kuwa saura kaɗan ya taɓa ƙasa. Nawaz Baig ya saye ta tun gashinsa na baƙi, ya riƙe ta da amana har ciwon shanyewar ɓarin jiki ya zaunar da shi, sannan ya miƙa makulli ga ɗansa Mujtaba. An shaide ta da haƙuri. Da safe takan yi tari, kuf-kuf, sannan ta saki gurnanin nan nata, gurrrr, wanda ya hutar da maƙwabta sayen agogo. Ba ta taɓa mutuwa a hanya ba. Aibinta ɗaya ne, shi ma ba laifinta ba: ƙofar hagu, wato ta fasinja tunda sitiyarinta a dama yake, ba ta buɗuwa ta ciki. Duk wanda ya yi wa Mujtaba maganar gyara, sai ya ce hannun ƙofar na asali ne, shi ba zai sa mata na kasuwa ba. Mai wannan sanarwa, wanda yake auren ƙanwarsa, ya faɗa har bakinsa ya gaji.

Jinyarta ba ta yi tsawo ba. A ranar, ƙungiya ta fita yawonta na ƙauyuka, motoci a jere, kowa a gurbinsa. Dokokinmu sanannu ne: ba mai wuce wani, waya a kashe take wai don a ji daɗin kukan inji, wanda kuma aka gaishe shi da hon dole ya rama. Tsoho Nawaz Baig ya kafe sai an je da shi, fitarsa ta farko ke nan tun da ya kwanta. Mujtaba ya ɗauke shi cak, ya zaunar da shi a kujerar hagu, ya rufe ƙofa ta waje, ya ja rufi saboda ƙaiƙayi.

Lokacin girbin tamba ne, manoma sun baza ta a kan kwalta kamar yadda suka saba, motoci na yi musu sussuka. Na gaba duk suka riƙa raɓawa gefe.

"Bi ta tsakiya," in ji tsohon. "Mutane sun baza abincinsu suna jiranka, kai kana kewayewa kamar mai tsallake kwata?"

"Abba, cikinta a ƙasa yake."

"Ni za ka gaya wa cikinta? Taka, malam."

Ya taka, ƙauye bayan ƙauye. Kara ya yi ta naɗewa a ƙarƙashinta, yana mannewa da salansa mai zafi.

Mai wannan sanarwa ne a bayansu. Ya fara ganin hayaƙi siriri, sannan harshen wuta yana leƙowa daidai ƙarƙashin kujerar tsohon. Ya danna hon. Bulbul ta amsa cikin ladabi, pam-paam. Ya sake dannawa da ƙarfi, ta sake amsawa. Ya kunna fitila, ya fito da hannu yana kaɗawa kamar mahaukaci, Mujtaba ma ya fito da nasa ya kaɗa, har da ɗaga babban yatsa. Hanya ƙunci, rami dama da hagu, babu wajen wucewa. Iskar gudu tana hura wutar tana tura ta baya, inda tankin fetur yake. Tsoron da aka ji a wannan tsakani, Allah kada ya maimaita wa kowa.

A nan ne marigayiya ta yi abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce kuf. Ta sake cewa kuf. Ta mutu, daidai gaban wasu mata masu shiƙa.

Sai da ta tsaya hayaƙi ya turnuƙe cikinta. Mujtaba ya faɗo waje, ya koma ya jawo mahaifinsa ta wajen direba, amma shanyayyiyar ƙafar ta maƙale. Ya zagaya da gudu. Wuta ta riga shi ƙofar hagu, hannunta na waje ya ƙona masa tafi, ya kama ya saki, ya sake kamawa ya saki. Ta gilashi yana ganin tsohon yana jan hannun ciki da hannunsa mai lafiya, yana ja, hannun yana juyawa a banza. Tsohon bai yi ihu ba, kallon ɗansa kawai yake yi.

"Matsa, ɗan birni!"

Wata manomiya ce, Kempamma, da laujenta. Ta yanka rufin tun daga gaba har baya, aka ciro tsohon ta sama kamar buhu, aka ruga da shi cikin gona. Ba a gama dire shi ba tanki ya ce bum.

Da tsohon ya samu numfashi ya dubi matar. "Baiwar Allah, tambarku fa?"

"Tsoho, rabu da tamba, gemunka na hayaƙi."

Marigayiya ta bar tayar safaya ɗaya da aka manta a gida, da tabon baƙin mai a gareji, da tsoho mai rabin gemu, da Mujtaba mai naɗaɗɗun hannaye, wanda har yanzu bai iya haɗa ido da mahaifinsa ba.

Za a ɗauki gawa a babbar mota ranar Juma'a bayan la'asar zuwa wajen masu sayen tsohon ƙarfe. Ba sai an yi mata wanka ba, manoma sun zuba mata ruwan da ya ishe ta. Za a karɓi gaisuwa a gida, ana kuma roƙon 'yan ƙungiya kada kowa ya danna hon a ƙofar gidan.

Ƙofar hagu kaɗai ba za a tafi da ita ba. An tsinto ta a rami, Mujtaba ya sayo mata hannu na kasuwa, ya ɗaura da kansa, ya jingine ta a zaure. Masu gaisuwa su yi haƙuri idan suka tarar da shi tsugune a gabanta yana jan hannun ta ciki, tana cewa ƙyas. Yanzu tana buɗuwa.