Ranar Da Na Aro Iccen Unguwa

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma har yau ina jin haushi: babu wanda ya gaya mini cewa hayaƙi ya zama abin kunya. Mu a Arewa, gidan da hayaƙi ke tashi shi ne gidan da ake ci.

Ni ce shugabar ƙungiyar mata masu man gyaɗa a Dumega. Sai da na yi jikoki na shiga ajin yaƙi da jahilci, don haka duk takardar da ta zo ni ke karantawa (da yatsa nake bi, amma ina kaiwa ƙarshe). Kamfanin da ke sayen manmu a Yamai ya rubuto cewa ma'aikaciyarsu za ta zo ta auna iccen da muke ƙonawa wajen suya, da man gazuwal ɗin da injin niƙa ke sha, da yawan zuwan kamiyo, wato babbar motar da ke kwasar manmu. Na ce to, so suke su ga ko mun isa. Ai ba a nuna wa baƙo rashi. Na bi gida-gida na aro icce, muka tula shi har ya kere katanga. Murhu uku muke aiki da su, ran nan na hura bakwai.

Ta zo, yarinya sa'ar 'yata, da sikeli da waya. Tana tari tana awo, ni kuma ina ƙara gishiri. Na ce wannan tulin na kwana biyu ne kacal, kamiyo kuwa ko rabi bai cika ba muke sallamarsa, mu ba mu jira. Sai ta zauna ta yi mana bayani a hankali: masu sayen man a waje suna lissafa hayaƙin kowace kwalba tun daga murhu har kanti, kuma kamfani da masu ƙaramin hayaƙi zai ci gaba. Bisa abin da na faɗa, mu ne na ƙarshe, kuma ana iya barin mu.

Can sai Inna Hajo, tsohuwar da na kwaso rabin tulin a gidanta, ta ce, "Shugaba, in an ƙare awon a maido min iccena, ban ɗora tuwo ba."

Na dubi ƙasa, ta ƙi tsagewa. Sai na miƙe na ce, "'Yata, goge abin da kika rubuta. Ƙarya ce, kuma ni kaɗai na yi ta. Kada ki ɗora wa matan nan." Ta danne dariya, ta ce za ta dawo ran kasuwa ta auna na gaskiya.

A nan na gane cewa mai ado da hayaƙi shi yake fara shaƙewa. Amma ko a faɗin gaskiyar ma, babu wadda ta riga ni.

Washegari da sassafe na ɗora iccen a kaina na mayar wa kowa nasa, ƙofa-ƙofa, ana mini dariya ina gaisuwa. Daga nan na kwaɓa laka, na fara gina murhu mai ƙaramin baki wanda zai ci ɓawon gyaɗar da muke zubarwa.