Ranar da Kano ta nemi sunan ɗan fari

"Lafiya lau, bawan gidanmu. Sai yanzu ka ga damar zuwa?"

"Uwar ɗakina, ai tun daga bakin get nake jin kukan kwamfutar nan. Me kika yi mata kuma?"

Daga jin wannan gaisuwar na san aikina na ranar ya tashi. Ni Hassana, teburina yana kallon na Zulaihatu a ofishin wani kamfanin sayen riɗi da ke Dutse. Idirisu, mai kula mana da kwamfutoci, ɗan goggonta ne, ita kuma 'yar kawunsa, duk 'yan Aujara. Taubasai ke nan, kuma tun da Allah ya haɗa su a kamfani ɗaya ban taɓa ganin an yi gyaran da ya kamata a gama a tsaye ba tare da an zauna an tono tarihin dangi ba. Wallahi abin yana ƙona mini rai.

Ranar kuwa ba ta wasa ba ce. An loda motoci a sitonmu na Jahun, amma ba za su tashi ba sai babban ofishinmu na Kano ya ga sakamakon gwajin riɗin ya ba da izini. Sakamakon yana hannun Zulaihatu, kuma tun safe imel ɗinta ya ƙi tafiya. Manaja ya riga ya leƙo ya ce idan motocin nan suka sake kwana, ita za ta yi bayani a rubuce. Ga shi dama akwai gargaɗi guda a fayil ɗinta.

Idirisu ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya taɓa wayar intanet, ya ce lafiyarta lau, sai dai ƙurar da ke wajen ta isa a shuka gyaɗa. Zulaihatu ta ce shara aikin bawa ne, tun da ya durƙusa ya ƙarasa. Ya miƙe ya buɗe wani shafi ya ga intanet tana aiki, ya rufe manhajar imel ɗin ya sake buɗewa, sannan ya shiga akwatin da saƙonni ke jira kafin su fita. Nan ya tsaya ya riƙe haɓa.

"Wannan garken fa? Saƙo ɗaya ne kika yi ta turawa haka?"

"Da ya ƙi tafiya sai na ƙara masa 'yan rakiya."

"Ba saniya ba ce, Zulai, da za ta bi 'yan uwanta. Ko kin tara dubu, in ƙofa a rufe take nan za su kwana."

"Wa ya rufe ƙofar in ba kai ba? Baƙin cikin na fi ka albarka."

Ya goge sauran ya bar guda ɗaya, ya nuna mata can ƙasan sikirin inda aka rubuta cewa manhajar ba ta haɗe da babban ofis. Ya tambaye ta ko wani ɗan akwati yana fitowa yana neman faswod. Ta ce tun safe yake damunta, ta yi ta ba shi amma bai ƙoshi ba, kamar wani da ta sani in ya zo gidansu cin tuwo. Ashe makon da ya wuce kwamfuta ta tilasta mata sauya faswod, ta sauya, ta manta ta sauya, ta wuni tana zuba tsohon. Ya ce kada ta faɗa masa sabon, ta rubuta da hannunta. Ta rubuta. Sai ga jan rubutu cewa an kulle akawun ɗin saboda yawan kuskure.

Na ce masa don Allah ya buɗe mata mu huta. Ya ce da yana da makullin da tuni ya buɗe don ya rabu da ganin fuskarta, amma dokar kamfani sai sashen taimako na Kano, kuma sai mai akawun ta amsa tambayar sirrinta da bakinta. Zulaihatu ta ce wannan mai sauƙi ne. Ya buga waya ya sa a sifika ya ajiye a kan teburinta.

Wata mai suna Mashkura ta ɗauka, murya a sanyaye, irin ta waɗanda ba su da motoci a Jahun. Ta tabbatar da suna da sashe, sannan ta karanto tambayar da Zulaihatu ta zaɓa da kanta ranar da aka ɗauke ta aiki: mene ne sunan ɗanki na fari?

Na ga Zulaihatu ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, sai na tuna. Ɗanta na fari har ya shiga jami'a, amma tun da nake tare da ita ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. Yaron nan take cewa, in ta so karrama shi ta ce ɗan gidan Goggo, don uwar Idirisu ce ta raine shi. A danginsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kuma ita ta riƙe abin tamau.

Idirisu ya danne dariya har kafaɗarsa na rawa. Ya roƙi Mashkura ta ɗan riƙe layi.

"A duk tambayoyin duniya wannan kika zaɓa?"

"An ce a zaɓi abin da ɓarawo ba zai taɓa ji daga bakinka ba. Wa ya taɓa jin sa daga bakina?"

"Duk unguwarku ta Limawa an san sunan yaron nan. Mai shayin bakin layinku ma ya sani."

"Ai ba daga wajena ya ji ba."

Wayar manaja tana ta ƙara a ɗakinsa, na san direbobi ne. Zulaihatu ta matso kusa da waya ta ce sunan kakan wannan bawan ne da ke tsaye, na wajen uba. Mashkura ta ce ba ta san bawan ba balle kakansa. Zulaihatu ta zunguri Idirisu ta ce ya faɗa, ai amfanin bawa ke nan. Ya faɗa kuwa, da ƙarfi har da jan baki. Mashkura ta ce ta gode, amma ana naɗar kiran, muryar mai akawun kaɗai ake karɓa. Zulaihatu ta nemi ta rubuta ta aika. Idirisu ya tambaye ta da wane imel ɗin.

"Ka ce musu ni bebiya ce."

"Yanzu kika gama yi musu bayanin kakana."

"To a bar motocin su kwana."

"Su kwana, ki yi bayani a rubuce, a sallame ki, ki koma Aujara tatsar nono. Ni kuma in sami uwar ɗakin da ta san faswod ɗinta."

Ta harare shi, amma na ga idonta ya kawo ruwa, kuma ba na wasa ba ne. Shi ma ya gani. Sai kawai ya cire wayar daga sifika ya miƙa mata, ya ce mini in taso mu ba ta wuri. Muka fita ya jawo ƙofa, ya tsaya a bakinta kamar mai gadi. Da mai kai takardu ya zo zai shiga, ya ce masa ana feshin maganin sauro.

Da farko ba mu ji komai ba. Can sai muka ji ta ce ta faɗa fa. Ashe layi ne ba kyau, Mashkura ba ta ji ba. Ta sake, ba a ji ba. Sai muryar Zulaihatu ta ratso ƙofa, har ɗakin manaja sai da aka ji.

"Muntaka! Na ce Muntaka!"

Idirisu ya ɗaga kai yana nazarin silin kamar yau ya fara ganinsa. Muka koma ciki. An ba ta faswod na wucin gadi, Idirisu ya sa ta sauya shi ta rubuta sabon a manhajar, rubutun ƙasan sikirin ya koma cewa an haɗu, saƙon ya fice. Ba a jima ba izinin Kano ya shigo, na ji manaja yana cewa a tashi motoci.

Zulaihatu ba ta ɗago ba. Ta tambayi Idirisu me ya ji a waje. Ya ce shi bai ji komai ba, amma gobe zai je Aujara gaida tsohuwa, kuma bakinsa yakan saki in yana jin yunwa. Ta jawo jakarta ta fito da kular abincin ranarta, dambu da man shanu, ta tura masa gaba ɗaya.

"Ɗauki. Yau kai ne ubangida, gobe ka koma matsayinka. In Goggo ta ji, na san inda zan same ka."

Ya rungumi kula ya nufi ƙofa, sannan ya juyo, wannan karon ba tsokana a muryarsa sosai.

"Zulai, tsakaninki da Allah, ya sunan yake a baki?"

Ta share ido da gefen mayafi, dariya ta ƙwace mata.

"Da daɗi," ta ce. "Fita."