Sarkin Agogo da Yatsan Gwaggo

Allah ya yi wa ɗakin wankin otal ɗin nan babbar baiwa ranar da aka kawo musu jami'in kula da lokaci. Kafin zuwansa, cikin duhun kai mutane ke aiki: a zo da safe, a wanke zannuwan gado, a goge, a tafi gida. Shi ya zo ya wayar musu da kai cewa awa ma iri-iri ce. Ba a yi mako ba masu guga suka naɗa shi Sarkin Agogo, shi kuwa ya karɓi sarautar hannu bibbiyu, don bai ji dariyar da ke ƙarƙashinta ba.

Ofishinsa ɗan akurki ne da aka yanka daga ɗakin ajiye sabulu, amma sai an ƙwanƙwasa ake shiga. Ranar da aka kafa na'urar dangwala yatsa a bakin ƙofa, ya tara ma'aikata, ya gyara wuyan riga.

"Ku saurara, ba na maimaita magana. Kwamfuta tana da kwando huɗu. Awa takwas na farko, kwandon yau da kullum. Abin da ya haura, kwandon ƙarin lokaci, a biya ɗaya da rabi. Ranar hutu, ninki biyu. Wanda ya dangwala shiga bai dangwala fita ba, ranarsa ta faɗa kwando na huɗu, wato bai zo ba ke nan. Sau uku a wata, takardar sallama. Ni na tsara wannan ƙa'ida da kaina, kuma ba ta san fuskar kowa ba."

Cikin masu sauraro akwai Gwaggo, mai wanke tabon da inji ya kasa fitarwa. Shekara goma sha tara hannunta na cikin ruwa da sabulu, jikoki uku ke ci daga hannun nan. Da safe yatsanta a bushe yake, ta dangwala, fitila ta nuna kore. Da yamma kuwa ya sha ruwa ya yi fari ya yamutse. Ta dangwala, ja. Ta goge shi da gefen zani, ta hura masa iska, ta yi bisimilla, ja.

Da abin ya faru sau biyu ta je ta ƙwanƙwasa. Sarkin Agogo ya bar ta a tsaye yana danne-danne, don ta san ba wurin wasa ta zo ba.

"Baiwar Allah, an nuna kin shiga ranar Litinin, ba ki fita ba."

"To ɗana, in ban fita ba, ai sai a biya ni har da na kwana."

"Ba ki fita ba, saboda haka ba ki zo ba. Wannan ilimi ne, ba wanki ba."

Gwaggo ta ce Allah ya ƙara basira, ta koma bakin famfonta.

Ranar Asabar otal ya cika da baƙi, ta yi awa goma sha ɗaya a sunkuye. Da yamma fitila ta sake nuna ja, duk suka faɗa kwando na huɗu. Takardar sallama ta fito, mai girma ya rattaba hannu mai lanƙwasa uku, ya aika sama wurin manaja. Manajar kuwa tun tana ƙaramar ma'aikaciya ta tarar da Gwaggo a wurin, don haka ta sauko da kanta lokacin tashi, da takardar a hannu.

Murna ta kama Sarkin Agogo, ga dama ta samu.

"Ranki ya daɗe, na'ura lafiyarta ƙalau. Duba."

Ya dangwala, kore. Ya sake, kore. Ya ƙara na uku ba wanda ya roƙe shi. Gwaggo ta tsame hannu daga ruwa ta dangwala, ja. Manaja ta kama hannun ta juya shi, ta daɗe tana kallo, sannan ta dubi nasa, sumul kamar na jariri.

Gwaggo ta ce a hankali, "Kada ki ga laifinta, ranki ya daɗe. Nasa sabo ne, ba a taɓa amfani da shi ba."

Masu guga suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Manaja ta yaga takardar, ta ce a mayar wa Gwaggo da awanninta kwandon da ya dace. Ta kuma ce daga yau jami'i ya riƙa tsayawa a ƙofa da littafi da biro, yana rubuta fitar duk wanda na'ura ta ƙi, har sai mai wanki na ƙarshe ya fita.

Gwaggo ce ke fita ƙarshe, kuma ita ba ta ɗauraya da gaggawa. Awannin da mai girma ke yi a tsaye yana jiranta, ya duba ƙa'idojinsa kaf, bai sami wadda ta ce a biya su ba.