Yadda Ake Zama Daktan Sauraron Damuwa Ba Tare da An Saurari Na Gida Ba

Ni mai walda ne, karatuna bai wuce in karanta allon shago ba. Amma a gaban idona autanmu ya yi karatun zama dakta na masu damuwar rai, na kuwa sa ido na kwashe sirrin kaf. Bi matakan nan yadda na jera su. Na ba ka tabbaci, ko kanka dutse ne sai an ɗora maka hular nan mai igiya ta kammala karatu.

1. Fara da wuyanka

Rabin karatun gyaɗa kai ne. Tsaya gaban madubi, karkata kai gefe ɗaya, ka ce "mhm" can cikin maƙogwaro. Kada ka yi sauri, gyaɗa kai da sauri na wanda fitsari ya matsa ne. Auta ya yi shekaru a kan wannan, malamansa suna ɗaukarsa a bidiyo suna gyara masa zaman gira.

2. Kada ka kuskura ka amsa tambaya

Duk abin da aka faɗa maka, ɗauraye shi ka miƙa wa mai shi. Na taɓa tambayar Auta ko ya ga makullin shagona. Ya ce ya lura maganar makullin nan tana taɓa ni sosai. Makullin yana aljihunsa.

Ka sani, amsa ta jahilai ce.

3. Riƙe kalmar "iyaka" da kyau

Dokarku ta ce dakta ba ya duba ɗan uwansa. Lallaɓa dokar nan, za ta fitar da kai daga kowace hidima ta gida.

Da Inna ta rasu, Baba, tsohon direban babbar mota da bai iya zama wuri ɗaya ba, ya koma ɗaki yana kallon tabarmar sallarta. Abinci sai ya huce a kwano a ɗauke. Nakan je in zauna, amma ni hirata daga ya jiki sai Allah ya jiƙanta, ta ƙare. Auta yake so, da shi suka saba. Na kira shi a waya, ya ce ƙa'idar aikinsu ta hana, dole ya kiyaye iyaka.

Na ce, "Ba duba shi na ce ka yi ba, Auta. Zuwa za ka yi ka sa hannu a kwano ɗaya da ubanka."

Ya ce yana jin fushi a muryata. Wannan kam ya ji daidai.

4. In dole ta kawo ka gida, zo da agogo

Ya zo dai. Ya ja kujera ya ajiye ta a karkace yadda aka koya masa, ya sa kwalin tishu tsakaninsa da mahaifinsa. Baba ya dubi kwalin, ya dube shi, sannan a hankali ya soma labarin ranar da ya fara ganin Inna a tashar mota. Ni da nake babba ban taɓa jin labarin nan ba. Ana tsakiyarsa Auta ya saci kallon agogo, ya ce nan wuri ne mai kyau da za a dakata.

Baba ya dakata. Kai ma ka yi haka, kada ka bar tsoho ya wuce lokaci, sai ya saba.

5. Tura shi wajen ƙwararru

Auta ya ce a kai Baba asibitin koyon aiki na jami'arsu. Baba ya yi aski, ya sa kayan fita, a zatonsa tunda doka ta hana a gida, can za a ba shi ɗansa. Aka ga ɗa ne da uba, sai aka haɗa Baba da abokin karatun Auta, wani dogo mai tabarau.

Kada ka zaci Dogo ya fi iyawa. Karatunsu ɗaya, wuyansu ɗaya. Shi dai nasa uban yana wani gari yana zaman jiransa, shi ya sa yake da lokacin uban wani.

6. Karɓi hularka

Baba ya warware, yana cin abinci har da ƙari. Magana ɗaya biyu sai ya ce Dogo ya ce.

Ranar yaye ɗalibai, mai hoto ya ce uban dakta ya matso. Baba ya matso, ya miƙa wa Auta hannu ya yi masa barka yadda ake yi wa ɗan maƙwabci, sannan ya waiga.

"Ina yarona? A kira min shi mu yi hoton."

Hoton yana bangon ɗakin Baba yanzu, shi da Dogo kafaɗa da kafaɗa. In ka ƙura ido can gefe za ka ga hannun rigar Auta.

Gargaɗi

Hula na yi maka alkawari, ban yi maka alkawarin komai bayan ita ba. Abin da ya biyo baya ba ruwana, kada ka kira ni, kada ka aiko matarka. In uba kake nema, koma asibitinku ka duba benci. Ba a rasa uban wani a zaune.