Darasin Tauna a Gaban Surukata

Ba zan taɓa mantawa da wata safiyar Asabar a gidanmu na Jibiya ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta.

Ɗanmu na fari, wanda muke kira Abba, ya kai shekara ɗaya da wata takwas bai iya tauna ba. Haƙora sun cika masa baki, amma in aka ba shi abu mai ɗan tauri sai ya dunƙule shi a kumatu ko ya tofar. Ina jin (ban ce tabbas ba) laifina ne. Yana wata tara ya taɓa shaƙewa da ƙuli-ƙuli har idanunsa suka firfito, ni kuma tun ranar na kafa doka: komai sai an markaɗa an tace. Har wake. Matata Rabi ta yi magana sau biyu, na karanto mata hujjoji daga waya, ta ƙyale ni da dokata. Ai ni ne mai digiri.

Da muka kai shi awo, ma'aikaciyar asibiti ta ce nauyinsa ya tsaya wuri ɗaya. "Malam, kunu ba zai riƙe yaro kamar wannan ba. Ku riƙa ci a gabansa, ya gani ya kwaikwaya." Na saɓa Abba muka fito. Yaron da nake tsaro kada ya shaƙe, ashe yunwa nake dafa masa.

Sai na shirya darasi. Na sayo dogon burodin nan mai ɓawo da direbobi ke shigowa da shi daga Maraɗi, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na zaunar da Abba, na durƙusa a gabansa. Rabi ta tafi kai niƙa. Na gutsuri burodi, na wage baki don ya ga yadda haƙora ke aiki, ina juya muƙamuƙi hagu da dama kamar raƙumi. "Abba, kalli Baba! Am, am, am!" Har harshe nake fiddowa in nuna masa inda aiki ya kai. (Na san yadda wannan yake a ido. Na ɗauka mu biyu ne.)

An ce an yi sallama sau uku. Mai yiwuwa ƙarar manyan motocin da ke layi a hanyar iyaka ce ta hana ni ji. Haka dai nake faɗa wa kaina. Da na ɗaga kai, sai ga Inna, mahaifiyar Rabi, tsaye, ita da tata yayar. Daga Maraɗi suke, ƙunshin kaya a ka.

Shekara huɗu da aurenmu, ko ruwa ban taɓa sha a gaban Inna ba. In ta zo, a zaure nake cin abinci. Ɗan fari kuwa, a wajensu uba ba ya ko kama sunansa a gaban manya. Ga ni a durƙushe, baki cike, ina kwaɗa masa kira.

Dole in gaishe ta. Ba a gaida suruka da loma a baki, tofarwa kuma ta fi muni. Sai na haɗiye ban tauna ba. Ɓawon ya tsaya mini a maƙogwaro, numfashi ya ƙi fita, na fara bubbuga ƙirji.

Inna ta sauke kaya, ta zabga mini duka uku a tsakiyar baya. Lomar ta faɗo kan tabarma, kowa na gani. Yayarta ta miƙo mini ruwa tana kallon bango.

Inna ta juya wajen Abba. Jikanta ta ɗauka, ta yi masa wasan kaka: "Angona, mi ya same ka ka rame haka? Ashe gidan ga ku biyu ne ba ku iya tamna ba."

Ta kwance ƙunshi, ta ciro cinyar zabo dafaffiya, ta damƙa masa.

"Inna," na ce da ragowar muryata, "ina ganin, wataƙila, in ba damuwa, a ɗan…"

"Angona, ce ma malaminka ya sha ruwa."

Ta zauna gab da shi, tana ci yana ci, idonta a bakinsa. Can ya yi kakari, na zabura. Inna ba ta motsa ba. Sai na ga ya turo naman da harshe, ya mayar da shi gefe, ya shiga taunawa a hankali, mai yana bin haɓarsa. Kusan shekara guda ban taɓa barinsa ya kai nan ba. Kullum tsorona yakan riga shi.

Abba yanzu har masara yake gwaguya. Ni kuwa na koyi cewa, a mafi yawan lokuta dai, tsaron yaro shi ne ka zauna kusa, ba ka tauna masa duniya ba. Na kuma koyi cewa in suruka ta same ka da loma a baki, gara ka tauna a gabanta: kunyar ta fi sauƙi.